Zakkar Fidda Kai A Ƙasar Birnin Gwari

Ƙasar Birnin Gwari tana yamma da garin Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Katsina da Zamfara da Neja. Ƙasa ce mai albarkar noma da duhun daji, Kogin Mariga ya bi ta cikinta, ruwan sama kuwa ya fi na ƙasashen da ke arewa da ita yawa. Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani ne mazaunanta, sana'arsu noma da kiwo. Tun zamanin kakanni talakan wannan ƙasa ya ga masu ɗiba daga rumbunsa iri iri, mayaƙa da masu sarauta da Turawa da 'yan bindiga. Amma akwai awo guda wanda shi da kansa yake shiga rumbu ya auna, ba dogari a bakin ƙofa, ba takardar shaida, ya ɗauka ya kai wa maƙwabcinsa. Wannan awo shi ne zakkar fidda kai, wadda ake fitarwa a ƙarshen watan azumi.

Asalinta daga Madina ne. An wajabta ta cikin shekara ta 2 bayan Hijira, watau 624 a lissafin Turawa, shekarar da aka wajabta azumin watan Ramalana. Gwargwadonta sa'i ɗaya ne a kan kowane mutum, sa'i kuwa mudu huɗu ne da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan mudu ba irin na kasuwa ba ne. Shi ne cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, sa'in duka bai wuce kilo 2 da rabi zuwa 3 ba, gwargwadon nauyin hatsin. Maigida shi ke fitar wa kansa da duk Musulmin da ciyarwarsa ta wajaba a kansa, mace da namiji, babba da jariri. Gida mai mutum 10 ke nan mudu 40. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, da shi almajiran ƙasar Hausa suka saba koyon wannan hukunci. A cikin abincin da ya lissafa akwai gero da dawa da shinkafa, saboda haka manomin Birnin Gwari bai taɓa bukatar neman alkama ko dabino ba kafin ya sauke wannan nauyi. Abin da mutanen gari suka fi ci, shi ake aunawa.

Ya kamata a rarrabe ta da zakkar amfanin gona, gama tarihinsu ya sha bamban. Zakkar gona tana kan wanda ya noma abin da ya kai nisabi, watau sa'i 300, sai ya fitar da kashi ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar da gonar. Shi ya sa manoma ke cewa dami ɗaya cikin goma. A zamanin daular Sakkwato sarakuna ne ke aika a tara wannan zakka. Ita kuwa fidda kai babu ruwanta da nisabi. Duk wanda ya mallaki abin da ya ragu bayan abincin yininsa da na iyalinsa ran Salla, ta hau kansa. Ta haka sai ga talaka cikin sahun masu bayarwa, ba a bar wa mawadata kaɗai ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 ƙasar Gwari ta sha wuya ƙwarai da hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse. Garuruwa suka watse, aka kwashi mutane bayi, gonaki suka koma daji. Turawa suka ci Kwantagora a 1901, hare-hare suka kwanta, sai kuma aka shiga zamanin haraji. A 1906 Gwamna Lugga ya yi dokar da ta haɗa kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da sauran abubuwan da sarakuna ke karɓa, aka mai da su haraji guda, shanu kuma aka bar musu jangali. Wajen 1911 aka fara kafa baitulmalin En'e, kuɗin haraji suka riƙa shiga can, ana biyan albashin ma'aikata da su. Zakkar da aka ajiye domin matalauta ta narke ke nan cikin kuɗin gwamnati. Manomi mai tsoron Allah ya zama yana biyan haraji da kuɗi, sa'an nan ya koma ya fitar da damin zakkarsa dabam. Fidda kai kuwa ba ta shiga littafin haraji ba. Ta tsaya inda take, tsakanin gida da gida.

Amfaninta ya fi bayyana a shekarun tsanani. Watan azumi yana matsowa baya da kwana 11 ko kusa da haka kowace shekara, sai ya zaga damina da kaka da rani cikin shekara 33. In Salla ta faɗo da kaka, rumbu cike, mudu huɗu ba kome ba ne. In ta faɗo tsakiyar damina, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, nan ne ake sanin darajarsu. Haka ya faru a 1914. Ruwa ya ƙi a daminar 1913, yunwa mai tsanani ta auka wa Kano da Katsina da ƙasashen arewa, mutane suka gangara kudu neman abinci. Azumin wannan shekara ya kama cikin watan Yuli, aka yi Salla cikin Agusta, daidai lokacin da yunwar ta kai matuƙa. Wanda ya auna sa'i guda a irin wannan rana, daga bakin 'ya'yansa ya rage. Wanda ya karɓa kuwa, wataƙila shi ne tuwon da ya fara gani cikin kwanaki.

Zamani ya yi ta juyawa. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun dajin En'e ta Birnin Gwari, a 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ya zama gandun ƙasa. A 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e. A 1979 gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Dokar Lugga ta tafi, baitulmalin En'e ya tafi, malamin haraji ya rufe littafinsa. Amma ko a wace shekara cikin waɗannan, idan aka ga watan Shawwal, sai a ga yara da ƙorai da kwanoni suna kai hatsi gidajen tsofaffi da gwauraye da marayu tun kafin a tafi idi.

Jarrabawa mafi girma ta zo daga dajin nan da ƙasar ke taƙama da shi. Bayan 2010 ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana, suka tsare hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, suna satar mutane don kuɗin fansa. A watan Mayu na 2018 suka faɗa wa ƙauyen Gwaska, suka kashe fiye da mutum 40. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ɗauki azumi, aka yi Salla ran 15 ga Yuni, farkon damina, gonaki da yawa ba mai iya zuwa. A wasu ƙauyuka sai manoma sun haɗa kuɗi sun ba 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Magidantan da suka saba auna mudu 40 ko 60 suka wayi gari 'yan gudun hijira a cikin gari, suna cikin masu karɓa. Shari'a kuwa ba ta kunyata su ba, domin ta ɗauke wa wanda ba shi da shi, ta kuma halatta masa ya karɓa. A ƙarshen 2024 gwamnatin Malam Uba Sani ta yi sulhu da waɗansu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe.

To, abin da ya raya fidda kai duk tsawon wannan zamani shi ne ƙanƙantarta da kusancinta. Ba ta bukatar ofis ko ma'aji, mai bayarwa ya san mai karɓa, ya san halin tukunyarsa. Amma nan ne kuma haɗarinta yake, gama babu mai bin sawu sai Allah. Akwai mai auna hatsin da ƙwari suka cinye. Akwai mai kai wa wanda ya fi shi wadata don neman fada, ya tsallake tsohuwar da ke bayan katangarsa. Akwai mai jinkiri har a sauko daga idi, alhali an fi so a fitar bayan alfijir kafin a tafi masallaci, an kuma yarda a gabatar da kwana ɗaya ko biyu, don mai karɓa ya sami damar surfe da niƙa. Malamai sun bayyana cewa manufarta biyu ce: ta tsarkake mai azumi daga yasasshiyar magana, ta kuma wadatar da matalauci kada ya fita roƙo ran Salla. Wanda ya ɓata awo ko ya karkatar da shi, ya rasa duka biyun.

Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya mai da manomanta gonakinsu, ya cika rumbunansu, har wanda ya karɓa bara ya zama mai aunawa bana. Amin.