Kadawa: Tarihin Noman Rani da Binciken Masana a Kogin Kano

Aikin Noman Rani na Kogin Kano, wanda manoma suka fi kira Kadawa, shirin ban-ruwa ne da ya mamaye filayen Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwansa na fitowa daga madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin gwamnan soja Audu Bako. Tun kafin a haƙa kwata ta farko masana ke rubutu a kansa, sai dai ba duka gwamnati ta saurara ba.

Injiniyoyi ne suka fara samun kunnen hukuma. A shekarun 1960 ƙwararru daga Amurka suka auna ruwa da ƙasar yankin, daga baya kamfanin NEDECO na Holan ya zana tsarin da zai shayar da hekta 22,000 a kashin farko. Farin da aka sha a farkon shekarun 1970 da kuɗin man fetur suka sa ba a tsaya dogon jayayya ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun tarayya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ta buɗe tashar gwaji a Kadawa. Daga nan malaman gona ke ɗaukar shawara kan iri da taki da lokacin shuka, musamman alkama, wadda ke son a shuka ta a tsakiyar Nuwamba don ta ci sanyin hunturu.

A nan gizo ya yi saƙa. A lokacin da ake son alkama ta shiga ƙasa, dawa ba ta gama nuna ba, ita ce kuwa tuwon gida, kararta kuma danga ce da makamashi da abincin dabbobi. Hukuma ta so a daina dawa a cikin filin aikin. Manomi ya ga ba zai sayar da rumbunsa don burodin birni ba. Abin mamaki, a Samarun nan dai David Norman ya riga ya nuna, bayan shekaru yana bin gonakin ƙauyukan Zariya, cewa manomin Hausa da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya lissafi yake yi, ba jahilci ba. Wannan darasi bai shiga taswirar injiniyoyi ba.

Mai bincike Tina Wallace, wadda ta fitar da rahotonta kan aikin a Zariya a 1979, ta gano cewa masu ƙaramin ƙarfi da yawa sun kasa biyan kuɗin tarakta da taki da ƙwadago, sai suka riƙa ba 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati hayar filayensu. Cecile Jackson kuwa mata ta bi, har ta yi rubutu a 1978 kan yajin aikin da suka yi a gonar wani kamfanin kayan lambu a yankin.

A 1985 Gunilla Andrae da Bjorn Beckman suka wallafa littafinsu kan tarkon alkama. Sun ce dogaro da alkamar waje haɗari ne, sun kuma ce noma ta a gida ta hanyar manyan madatsu tsadarsa ta fi ribarsa. A 1987 gwamnatin Babangida, da ƙarancin kuɗin waje ya matsa mata, ta hana shigo da alkama, ta zuba tallafi a jihohi irin su Kano. Wato an bi rabin maganar an bar rabi. Fulawa ta riƙa shigowa ta fasa-ƙwauri, a 1992 aka janye haramcin.

Binciken da ya fi tasiri ya zo ne daga gangaren kogi. Ruwan Tiga, bayan ya wuce Tamburawa inda birnin Kano ke ɗibar na sha, yana cikin ruwan da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru. Masanan da suka yi aiki da shirin kare fadamun da aka fara a 1987, ciki har da Edward Barbier da William Adams, sun kwatanta amfanin ruwa iri ɗaya a wurare biyu, suka ga noman fadama da kamun kifi da itacen girki sun fi abin da Kadawa ke samarwa nesa ba kusa ba. Da wannan hujja masu adawa da madatsar Kafin Zaki ta Bauchi suke kare matsayinsu, har yau kuma ba a kammala ta ba. A 2006 jihohin da ke rabon ruwan suka kafa asusun haɗin gwiwa.

Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara kwatoci, ya kuma ɗora kula da ƙananan hanyoyin ruwa a wuyan ƙungiyoyin manoma masu amfani da shi. Kafin nan manoman sun riga sun karkata ga shinkafa da tumatir, har Kura ta zama cibiyar casa da cinikin shinkafa. A 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Ɗangote ta fara aiki a Kadawa, tsutsar da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya saboda rashin tumatir.