Sabbin mashayun birnin Landan: daga ina suka samo asali?

A unguwar Bermondsey da ke kudancin birnin Landan akwai wata doguwar gadar layin dogo da aka gina da bulo tun cikin shekarun 1830. Jiragen ƙasa na bi ta samanta zuwa tashar London Bridge. A ƙarƙashinta kuwa akwai ɗakuna masu rufin bakan gizo, waɗanda a da makanikai da masu ajiye kaya ne ke hayarsu.

Yanzu da dama daga cikin waɗannan ɗakuna sun zama wuraren dafa giya da kuma mashayu, inda matasa ma'aikata ke yin dafifi, musamman ranar Asabar.

Irin waɗannan mashayu sun bambanta da tsohuwar mashayar unguwa da aka san Ingila da ita. Abubuwa uku suke tinƙaho da su: giyar da ƙananan masana'antu ke dafawa, da giyar inabi, da kuma cuku.

Haraji ne ya buɗe ƙofa

Wannan salo ya fara ne a Amurka. A shekarar 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta halatta wa mutane dafa giya a gidajensu, kuma wasu daga cikin masu yin hakan suka kafa ƙananan kamfanoni, kamar Sierra Nevada da aka buɗe a jihar Kaliforniya a 1980.

A Birtaniya ma an daɗe ana ƙorafi cewa manyan kamfanoni ƙalilan sun mamaye kasuwa. Tun a 1971 aka kafa ƙungiyar CAMRA domin kare giyar gargajiyar ƙasar. Sai dai babban sauyi bai zo ba sai a 2002, lokacin da ministan kuɗi na wancan lokaci, Gordon Brown, ya rage rabin harajin da ake ɗora wa duk masana'antar da ba ta dafa fiye da lita 500,000 a shekara.

A 2006, shekarar da tsohon kamfanin Young's ya rufe masana'antarsa ta Wandsworth, masu dafa giya a Landan tsiraru ne. Kafin ƙarshen shekarun 2010 sun haura ɗari.

Abin lura shi ne, hakan ya faru ne a daidai lokacin da tsofaffin mashayu ke rufewa. A shekarar 2000 akwai mashayu kimanin 60,000 a Birtaniya, amma bayan shekaru ashirin ba su kai 50,000 ba. Daga cikin dalilan da ake bayarwa akwai tsadar haya, da arhar barasa a manyan kantuna, da kuma dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da ta fara aiki a Ingila a watan Yulin 2007.

Abin da baƙo zai tarar

Ba a cika ƙawata waɗannan wurare ba. Bangon bulo ne tsirara, da dogayen tebura na katako, da manyan tukwanen ƙarfe a bayan masu sayarwa. A kan wani allo ake rubuta sunan kowace giya da yawan barasar da ke cikinta, kuma sunayen kan sauya daga mako zuwa mako.

Da sha'ir da ruwa da yis ake dafa ta, sai furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hops, wanda ƙananan masana'antun ke zubawa da yawa. Wasu nau'o'in sun ninka giyar da aka saba da ita ƙarfi, don haka ake sayar da su a ƙananan kofuna. Cikakken kofi, wanda ya ɗan haura rabin lita, yakan kai fam 7 ko fiye.

Wannan farashi shi ne ke tantance masu shiga. Bermondsey tsohuwar unguwar leburorin tashar jiragen ruwa ce da majema, kuma masu sukar lamarin na ganin irin waɗannan mashayu alama ce ta cewa masu hannu da shuni sun shigo unguwa, kuɗin haya kuma zai tashi.

Dangantaka da cuku

Haɗa giya da cuku a Bermondsey ba haɗuwar katsaham ba ce. Kamfanin Neal's Yard Dairy, wanda aka kafa a 1979, mai sayar da cukun ƙananan makiyayan Birtaniya da Ayalan, yana ajiye cukunsa ya nuna a ƙarƙashin gadojin layin dogon unguwar, saboda sanyi da laimar da ke wurin. Wani tsohon ma'aikacinsa, Evin O'Riordain, shi ne ya kafa masana'antar The Kernel a 2009, wadda ake ɗauka a matsayin wadda ta share wa sauran fage.

Akan kawo cukun ne yanka-yanka a kan faranti na katako, da burodi da 'ya'yan itace, sau da yawa tare da busasshen naman alade. Ita kuwa giyar inabi, yawancinta daga Faransa da Italiya da Sifaniya take zuwa, ko da yake ɗumamar yanayi ta sa gonakin inabi sun yawaita a yankunan Kent da Sussex na kudancin Ingila.

Musulmi da gayyatar abokan aiki

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa kashi 15 cikin ɗari na mazauna Landan Musulmi ne. Ga da yawa daga cikinsu wannan batu ya shafi aiki kai tsaye, domin a ofisoshin birnin al'ada ce a wuce mashaya bayan an tashi, kuma a can ake sabawa da shugabanni, a ji labarin guraben ƙarin girma. Wanda ba ya zuwa yana iya rasa wani abu ba tare da an ce masa komai ba.

Haramcin shan barasa a Musulunci ba abin jayayya ba ne, kuma malamai da dama sun hana ko da zama a teburin da ake shan ta. Inda ake samun saɓani shi ne a kan abubuwan da ke kewaye.

Na farko shi ne giyar da ake cewa ba ta da barasa. A bisa ƙa'idar Ingila, wadda aka yi wa wannan laƙabi bai kamata barasar cikinta ta wuce kashi 0.05 cikin ɗari ba, amma akwai wadda aka tace mai ɗauke da har kashi 0.5, kuma duka biyun akan jera su wuri guda. Wasu malamai sun halatta abin da ba ya sa maye komai yawansa, wasu kuma sun ƙyamace shi saboda asalinsa da kamanninsa.

Na biyu shi ne cukun kansa. Fulani kan daskarar da madara da ruwan ganyen tumfafiya, amma cukun gargajiyar Turai da wani sinadari daga cikin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da shi. Mazhabar Hanafiyya ta sassauta a kan wannan ko da ba a yanka dabbar bisa shari'a ba, yayin da Malikiyya da Shafi'iyya suka tsananta. Akwai kuma cukun da ake wanke bayansa da barasa yayin da yake nuna, kamar Époisses na Faransa da Stinking Bishop na Ingila.

Kasuwar ta fara sauyawa

Manyan kamfanonin da aka yi wa tawaye sun dawo da kuɗi a hannu. A 2015 AB InBev ya sayi Camden Town Brewery, a 2022 kuma Heineken ya mallaki Beavertown gaba ɗaya. Annobar korona da tsadar makamashi sun durƙusar da wasu ƙananan.

Su ma matasan sun rage sha. Wani bincike na jami'ar University College London ya nuna cewa 'yan shekara 16 zuwa 24 da ba sa shan barasa a Ingila sun ƙaru daga kashi 18 cikin ɗari a 2005 zuwa kashi 29 a 2015. Duk da haka, a 2022 mutane fiye da 10,000 ne suka mutu a Birtaniya sakamakon cututtukan da barasa ce kaɗai sanadinsu, adadin da ba a taɓa gani ba kafin wannan shekara.