Fistan da Sandarsa: Darasin Ƙarancin Kayan Gyara a Zangunan Accra

An kafa Madina a 1959 ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo, a arewa maso gabashin Accra, can kusa da Legon. Da yake garin yana da tazara da tsakiyar birni, ba kamar Nima da Maamobi ba, abincin mazaunansa ya rataya a kan motar haya, wato torotoro. Ran da mota ta kwanta, 'yar kasuwa ta kwana da kayanta.

Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 kuɗin waje ya yi wa Ghana ƙaranci, sababbin kayan gyara suka yi wuyar samu. Nauyi ya faɗa kan bakanike, wanda a Ghana ake kira fita (kalmar aro ce daga Turanci, ba ta da dangantaka da fita ta barin gida). Shi ya riƙa raya tsofaffin motocin Bedford masu bodin katako da abin da ya tsinta a cikin matattun injina.

A nan ne raba fistan da sandar da ke haɗa shi da karanshaf ya zama ma'aunin gwaninta. Wani fil na ƙarfe ne ke riƙe su. A wasu injinan ƙananan zobba biyu ke tare fil ɗin. In an cire su aka ɗumama fistan a ruwan zafi, sai ya zame, domin alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa, kusan ninki biyu. A wasu kuwa matse fil ɗin aka yi cikin kan sandar, ba ya fita sai da na'urar matsi. Wanda ya yi gaggawa ya ɗauki guduma yakan fasa fistan ko ya lanƙwasa sanda, alhali babu inda zai sami madadi. Shi ya sa maigida kan hana yaron gareji taɓa guduma, ya fara koya masa sanya alama, don kowane fistan ya koma raminsa yana fuskantar inda ya saba.

Sauye-sauyen tattalin arziki da gwamnatin Rawlings ta soma a 1983 sun buɗe ƙofar shigo da kaya. Sannu a hankali kasuwar Abossey Okai ta cika da injina na hannu daga Turai da Japan, masu mota da yawa suka gwammace sauya injin ɗungurungum a kan biyan ladan kwance shi.