Usur da Bakin Koci: Tarihin Laifin Rashin Ɗa'a a Ƙwallon Kwando

Ƙwallon kwando baƙo ne a ƙasarmu ta Kura da Bunkure. Wanda ya tashi a bakin magudanan ruwan da aka jawo daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, abin da ya buɗe ido ya gani shi ne shinkafa da alkama da tumatir, in kuwa wasa ne to ƙwallon ƙafa, sai kokawa da dambe bayan an kawar da amfanin gona. Yawancinmu sai a makarantar kwana muka fara ganin zobe a maƙale da allo. Amma akwai mutane biyu a wasan nan waɗanda ɗan Kura ba ya bukatar tafinta kafin ya gane su, watau koci da ke tsaye a gefen fili yana ƙorafi, da alƙali mai usur wanda tilas ya san lokacin da zai saurara da lokacin da zai ce ya isa. Tarihin abin da ke tsakaninsu nake so mu ɗan bi.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cewa wasan ya girmi kocin. A watan Disamba na 1891 wani malamin motsa jiki, James Naismith, ya ƙago shi a garin Springfield na ƙasar Amurka, don ɗalibansa 18 su sami abin yi a ɗaka lokacin hunturu. Dokoki 13 ya rubuta. A cikinsu ya sa alƙalai biyu, ɗaya yana lura da ƙwallo da lokaci, ɗaya yana lura da 'yan wasa yana ƙidaya laifuffukansu, irin su ture da riƙo da taɗiya da duka. Duk laifin jiki ne. Ba a ambaci koci ba ko sau ɗaya, balle a yi wa bakinsa linzami. An ma ruwaito cewa shi Naismith yana ganin wasan nan yin sa ake yi, ba a koyar da shi, kuma ga alama da gaske yake, don har yau shi kaɗai ne kocin ƙungiyar maza ta Jami'ar Kansas da wasannin da aka ci shi suka fi waɗanda ya ci yawa.

Ko bayan da koci ya samu gindin zama, an daɗe ana ɗaure masa baki. A wasannin jami'o'in Amurka sai a kakar 1948 zuwa 1949 aka yarda ya yi wa yaransa magana a lokacin ɗan hutun da ƙungiya kan nema a tsakiyar wasa. To, wanda aka ba dama ya yi magana da yaransa, ai ba zai ga alƙali yana wucewa ta gabansa ya yi shiru ba. Maganin da doka ta tanada shi ne abin da 'yan wasa ke kira tekanikal, ni kuwa na fi son in ce laifin rashin ɗa'a, tun da ba wanda aka taɓa, hali ne kawai ya ɓaci. Alƙali ya busa usur, ya ɗora tafin hannu ɗaya a kan yatsun ɗayan kamar harafin T, abokan hamayya su sami jifan kyauta ba mai tsare su.

Dokokin da muke bi a Nijeriya na hukumar duniya ne, FIBA, wadda aka kafa a Janiba a 1932, kuma su ake busawa idan Kano Pillars na wasa a ɗakin wasanni na Ƙofar Mata. Abin da suka ce a taƙaice shi ne, koci na da ikon tambayar alƙali cikin ladabi, amma sai ƙwallo ta mutu an tsayar da agogo. Mutum ɗaya ne zai tsaya a gaban benci, ko shi ko mataimakinsa. Alƙali na iya fara jan kunne. Idan koci ya yi laifin sau biyu da kansa, ko aka rubuta masa uku har da na mutanen bencinsa, sai ya bar fili ya koma ɗakin sauya kaya ko ya fice daga ginin. Abin lura a nan, hukuncin sauƙi yake ta yi. Kafin 2014 jifa biyu ne da ƙwallo, aka mai da shi jifa ɗaya da ƙwallo, sa'an nan a 2018 aka ce jifa ɗaya kawai, wasa ya ci gaba daga inda ya tsaya. A ganina dabara ce mai kyau, don bulalar da ta cika nauyi mai ita ma tsoron ɗaga ta yake yi.

Me ya sa koci ke ƙorafi alhali ya san alƙali ba zai janye usur ɗin da ya riga ya busa ba? A nan ne noman rani ya koya mini abin da littafi bai koya mini ba. Gonarmu a wutsiyar magudana take, kuma kowa ya san mai wutsiya shi ruwa ke isa wa a ƙarshe. Idan manomi ya je yana faɗa da mai buɗe ƙofar ruwa, ya san ruwan jiya ya wuce, na gobe yake nema. Haka koci, busa ta gaba yake saye da hayaniyarsa. Mai ƙofar da ya toshe kunne gaba ɗaya zai kashe shukar mai gaskiya, wanda kuma ke buɗe wa duk wanda ya fi ɗaga murya, kafin mako ya zagayo ya koya wa manoma duka ihu. Tsakanin waɗannan ramuka biyu alƙalin ƙwallon kwando yake tafiya, kuma shi daƙiƙa ɗaya yake da ita.

Misalai biyu daga Amurka sun isa su nuna ramukan. Ranar 23 ga Fabrairu 1985, Bobby Knight, kocin Jami'ar Indiana, mutumin da ya ci wa ƙasarsa zinare a wasannin Olamfik na 1984, ya fusata da busa a wasansu da Purdue. Aka rubuta masa tekanikal. Ɗan wasan Purdue na shirin jifan kyauta, sai Knight ya ɗauki kujera ya wurga ta ta tsallake fili. Aka kore shi, aka dakatar da shi wasa ɗaya. Wannan ba gardama, wanda ya jefa kujera ya yanke wa kansa hukunci.

Na biyun ne ya fi ba ni tunani. A watan Afrilu na 2007 wani tsohon alƙalin gasar NBA, Joey Crawford, ya kori Tim Duncan na San Antonio daga wasa, alhali Duncan na zaune a benci, laifinsa dariya. Hukumar gasar ta ci tarar Duncan dala 25,000 saboda maganganun da ya yaɓa wa alƙali, amma shi Crawford dakatar da shi ta yi har ƙarshen kakar. Watau hukuma ta nuna cewa an ba alƙali harafin T ne don ya kare wasa, ba don ya huce haushinsa ba. Na taɓa ganin ƙaramin irin wannan a wasan makarantu, inda wani malami da aka ba usur ya kori kocinmu don ya tambaye shi a sanyaye ko laifi nawa aka rubuta wa yaronsa. Daga nan har aka tashi ba wanda ya ƙara kallon ƙwallo, kowa alƙali yake kallo.

Ba wai ina wanke masu ƙorafi ba ne. Rasheed Wallace ya tara tekanikal 41 a kakar 2000 zuwa 2001, kuma irin wannan ne ya sa daga baya NBA ta ce wanda ya kai 16 a kaka guda a dakatar da shi wasa ɗaya. Sai dai masu doka sun gano cewa toshe magudana ba ya hana ruwa zuwa, gara a yi masa hanya. A 2019 NBA ta ba koci ikon ya ƙalubalanci busa a je a duba hoton bidiyo, FIBA ta biyo baya a 2022. Mutumin da Naismith bai ko ambata ba, yau doka ta yarda ya ce wa alƙali ka yi kuskure a gaban jama'a, ba tare da an nuna masa harafin T ba. Amma wannan sai inda akwai na'urar ɗaukar hoto da allon dubawa. A filayen siminti na makarantunmu har yanzu daga usur sai bakin koci.