Ƙauyen da ya daina karɓar kuɗin asibiti daga tsofaffi

1/ Kakata ta ɓoye mana ciwon ƙafarta wata huɗu, wai kada ta ɗora wa 'ya'yanta nauyi. Ita ta sa na kasa mantawa da labarin Sawauchi, wani ƙauye a tsaunukan lardin Iwate, arewacin Japan. Ku biyo ni 🧵

2/ A shekarun 1950 talauci ya yi wa garin katutu. Da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe hanya tsawon watanni. Kiran likita kuwa yana iya karya gida, shi ya sa tsofaffi suke haƙuri da ciwo su yi shiru. Da yawansu sai bayan rai ya yi halinsa likita yake ganinsu, don takardar shaidar mutuwa.

3/ A 1957 Fukasawa Masao ya zama shugaban ƙauyen. Abin da ya fara tunkara ya ba ni mamaki: katafilar share hanya ya nemo. Gaskiyarsa fa. Wane amfani asibiti zai yi wa tsohon da ba zai iya isa can ba?

4/ Sannan aka ɗauki nas-nas masu bi gida-gida, ko a cikin sanyin nan, suna duba jarirai da tsofaffi kafin ciwo ya kwantar da mutum.

5/ A 1960 ƙauyen ya ɗauke wa 'yan shekara 65 zuwa sama kuɗin ganin likita. A 1961 aka sauko zuwa 60, aka haɗa da jarirai. Jami'an lardi suka ce hakan ya saɓa wa dokar inshorar lafiya. Fukasawa ya kafe a kan sashe na 25 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin rayuwa cikin lafiya.

6/ A 1962 ko jariri ɗaya bai mutu a Sawauchi ba. Shi kansa Fukasawa ciwon daji ya yi ajalinsa a 1965.

7/ To, nan ne labarin ya juya. Tokyo ta bi sahu a 1969, gwamnatin ƙasa kuma a 1973 ta mayar da jinyar 'yan 70 zuwa sama kyauta. Asibitoci suka cika, wasu tsofaffin aka kwantar da su wata da watanni don babu mai kula da su a gida. Kuɗi ya yi ta zurarewa. A 1983 aka dawo da biyan wani kaso.

8/ A ganina “kyauta” ɗin aka kwafa, aka bar nas mai ƙwanƙwasa ƙofa a baya. Sawauchi kam ta ci gaba da tsarinta bayan 1983, har zuwa 2005 da aka haɗe ta da garin Yuda, suka zama Nishiwaga.

9/ Kakata dai maƙwabciyarmu ce ta lura tana sallah a zaune, ta kira babana a waya.