Garejojin Zangon Wagadugu

Kakanninmu sun iso Wagadugu ne a bayan jakuna, kan hanyar Gwanja ta fataucin goro. Suka sauka a ƙasar Moro Naba, sarkin Mosawa, wurin ya zama unguwar da Mosawa suke kira Zangouettin, mu kuwa Zango kawai muke cewa. Da mota ta karɓe kayan jaki, sannan jirgin ƙasa daga Abijan ya iso a 1954, sai wasu 'ya'yan fatake suka koma direbobi da masu sayar da kayan gyara, wasu suka ɗauki sufana.

Ni ina cikin na sufana. Wagadugu gari ne na mai ƙafa biyu, kuma a ƙuruciyata mobilet ɗin Peugeot da Yamaha da ake haɗawa a Bobo su suka cika titi, don haka da su ake fara koyo kafin a bar yaro ya taɓa mota. Uba zai kawo ɗansa da goro, ya ce wa maigidan gareji, "Ga amana nan." Ba takarda, ba albashi. Sai ka daɗe kana shara da miƙa sufana kafin a ba ka karbireta ka wanke a gwangwanin fetur, ka hura ƙaramar ƙofar man da bakinka, ka ɗaga ta sama ka ga ko haske ya ratsa. Maigidanmu yakan kwance buji ya sa mana a tafin hannu. "Kai yaro, me ka gani?" In ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, injin yana shan wuta. Wanda ya kasa amsa, tsintsiya na jiransa.

Akwai makarantu ma, irin su Lycée technique da cibiyar da Ostiriya ta taimaka aka kafa, inda ake fita da shaidar CAP. Mukan yi wa ɗalibansu kallon masu farin hannu, su ma suna ganin mu ba mu san zanen wayoyin lantarki ba. A ganina kowa ya faɗi gaskiya. Sai dai a lokacin hutu, masu wayo daga cikinsu garejin unguwa suke zuwa, domin injin makaranta an kwance shi an ɗaure har ya saba, na bakin titi kuwa kullum da sabuwar cuta yake zuwa.

A 2003 gwamnatin Blaise Compaoré ta rushe Zango da maƙwabtanta a ƙarƙashin shirin ZACA na sake fasalin tsakiyar gari. Aka ba mutane filaye a Waga 2000 da Niyoko, aka bar tsohon Zangon fili fetal shekara da shekaru. An yi maganar gidaje da masallatai, kuma ta cancanta. Ban ji wanda ya yi kukan garejin da ke ƙarƙashin bishiya ba, inda uba yake leƙa ɗansa a hanyar masallaci, mai walda da mai kayan gyara suna kusa. Maigida ya nufi kudu, yaransa sun yi gabas, da yawa suka ajiye koyon a tsakiya.

Yanzu tsofaffin motocin Turai da ake kira "Faransa sai wata rana" suna zuwa da kwamfuta a ciki, kunne kaɗai ba ya isa, dole a zauna a aji. Har 'yan mata sun shigo: cibiyar CFIAM tana koya musu gyaran mota, kuma a kansu aka yi fim ɗin Ouaga Girls a 2017. Ina murna da haka ƙwarai. Roƙona ga malamansu shi ne su nemi tsofaffin makanikan Zango da suka rage a Niyoko da Waga 2000, su riƙa tura musu ɗalibai ko da kwana biyu ne a mako.