18,446,744,073,709,551,615: Lambar Allon Shaɗaranji

Wannan lamba mai alƙaluma 20 ita ce abin da ake samu idan aka jera 2 guda 64, aka ninka su da juna, sannan aka debe 1. Ta yi suna ne ta dalilin shaɗaranji, wasan dara na Indiya da ake yi a kan allo mai gida 64.

Alƙali Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya kawo labarin a littafinsa Wafayat al-A'yan. An ce wani mai hikima, Sissa, shi ya ƙago wasan, sarki ya ji daɗi ya ce ya faɗi tukuicin da yake so. Sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon. Da ma'aji suka zauna lissafi, sai suka tarar duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba. Labarin hikaya ce, amma lissafin gaskiya ne, kuma tun wajajen shekara ta 1000 masani al-Biruni ya riga ya fitar da jimillar ƙwayoyin daidai, wato wannan lamba.

A yau ita ce lamba mafi girma da kwamfuta ke iya kaiwa idan tana ƙirge ɗaya bayan ɗaya daga sifili a gurbi mai bit 64.

Wajen rabe-rabe, mara ce, ba cika ba. Tana cikin dangin lambobin Mersenne, wato waɗanda ake samu idan an yi ta ninka 2 aka debe 1. Mersenne sunan wani limamin coci ne ɗan Faransa da ya mutu a 1648. Sai dai ba ta cikin tsayayyun lambobi, waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. Idan aka farfasa ta, tsayayyu bakwai ke fitowa: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417.

A nan ainihin kyawunta yake, kuma ya fi zancen alkama nisa. Biyar daga cikinsu, 3, 5, 17, 257 da 65,537, su ne farkon jerin da masanin lissafi Pierre de Fermat ya yi nazari a 1640. Ganin duka biyar ɗin tsayayyu ne, sai ya ɗauka haka jerin zai ci gaba har abada. Ta shida a jerin ita ce 4,294,967,297, kuma ba a ga laifinsa ba idan ya kasa farfasa ta da alƙalami da takarda. Fiye da shekara casa'in magana na nan a haka, sai a 1732 wani masanin lissafi, Leonhard Euler, ya nuna cewa 641 na raba ta, a samu 6,700,417. Su ne ragowar biyun. Daga lokacin zuwa yau, duk da taimakon kwamfuta, ba a ƙara gano tsayayyar lamba ko ɗaya a jerin Fermat ba.